Tarihin Ikebana: Yadda Jera Fure a Tulu Ya Tsallake Yunwa da Yaƙi a Ƙasar Japan

Gabatarwa

Idan aka ambaci tarihi, abin da yakan fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne irin wanda muka haddace a aji don cin jarrabawa, watau sunayen sarakuna, da shekarun yaƙe-yaƙe, da yarjejeniyoyin da akan sa wa hannu bayan an gaji da kashe juna. Ba safai mukan tuna cewa ƙananan al'adu ma suna da nasu tarihin ba, alhali kuwa sau da yawa a cikinsu ne ake ganin ainihin halin al'umma. A wannan maƙala za mu duba ɗaya daga cikin irin waɗannan al'adu, wadda mai karatu zai iya ɗauka wasan yara ce: a tsinko fure da ganye da reshe, a jera su a cikin tulu, a ajiye a ɗaki.

Mutanen Japan suna kiran wannan aiki ikebana, kalmar da ta haɗa ma'anar rayarwa da ma'anar fure. Suna kuma ce da shi kado, watau hanyar fure. Fiye da shekara 550 ke nan ana rubuta labarinsa, yana da makarantu da malamai da littattafai da takardun shaida. Abin da ya sa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, sau uku ƙasar ta kife da masu riƙe da shi, a 1467 da 1868 da 1945, amma kowane karo sai ya sauya hannu ya ci gaba. Tambayar da za mu bi ita ce: me ya raya shi, kuma me aka rasa wajen rayar da shi?

Asalin Al'adar

Tun kafin zuwan addinin Buda, mutanen Japan sukan kafa reshen itace mai ɗanyen ganye a wuraren bautarsu na gargajiya. A ƙarni na 6 addinin Buda ya shigo ƙasar ta hanyar Koriya, ya zo da al'adar ajiye fure a gaban mutum-mutumin Buda. A hankali sai aka tsayar da kaya uku da ake jerawa a wurin: kaskon turare, da mazaunin kyandir, da tulun fure. A wancan lokaci furen hadaya ne kawai, masu hidimar haikali ke sa shi, su kuma sauya shi idan ya yi yaushi.

A tsakiyar birnin Kiyoto akwai wani haikali mai kusurwa shida da ake kira Rokkakudo. Bisa ga labarin da masu haikalin suka gada, Yarima Shotoku ne ya kafa shi a shekarar 587, kuma Ono no Imoko, wanda aka aika jakadanci ƙasar Sin a 607, a nan ya ƙare rayuwarsa yana sa fure safe da yamma. Wannan ɓangare labarin baka ne. Abin da yake tabbas shi ne, masu hidimar haikalin suna zaune ne a wani ɗaki a bakin tafki, saboda haka aka riƙa ce da su Ikenobo, watau ɗakin bakin tafki. Sunan nan shi ne har yau sunan makarantar jera fure mafi tsufa a Japan.

Abin da ya fitar da fure daga haikali zuwa cikin gida sauyin gini ne. A zamanin da gidan Ashikaga ke mulki, daga 1336 zuwa 1573, manya suka fara gina ɗakunan baƙi masu wani lungu a jikin bango, wanda daga baya aka san shi da suna tokonoma. Mai karatu ya kwatanta shi da alkuki, sai dai ya fi alkuki girma nesa, domin daga kusa da ƙasa yake tashi. A nan ake rataye zane, a ajiye kayan alfarma da aka sayo daga Sin, har da tulunan tagulla masu tsada. To, tulu mai tsada ba ya kyau a bar shi wayam, sai aka soma neman gwanayen da za su sa masa fure yadda ya dace.

Fure a Tsakiyar Yunwa da Yaƙi

Shaida ta farko a rubuce game da gwanin Ikenobo tana cikin littafin da wani malamin addinin Buda ya riƙa rubuta abubuwan yau da kullum, mai suna Hekizan Nichiroku. A ciki an nuna cewa a shekarar 1462 wani babban mayaƙi ya gayyaci Ikenobo Senkei, shi kuwa ya jera rassa masu yawa a cikin tulun zinariya, har mutanen birni suka yi ta tururuwa zuwa kallo.

Sai dai ya kamata a san irin birnin da wannan abu ya faru a cikinsa. Daga 1459 zuwa 1461 fari da ambaliya sun jawo mummunar yunwa a Japan. Talakawan karkara suka kwararo Kiyoto neman abinci, kuma shi wannan littafi da ya ba da labarin furen Senkei shi ne ya kawo cewa gawarwakin da aka ƙirga a birnin cikin watanni biyu na farkon 1461 sun kai 82,000. A kusa da haikalin Rokkakudo ɗin nan ne wani mai ibada da ake kira Gan'ami ya kafa rumfuna yana raba wa mayunwata kunu. Ke nan shekara ɗaya tak ta raba rumfunan kunu da tulun zinariya, kuma a unguwa ɗaya.

Mai mulkin ƙasar a lokacin shi ne Ashikaga Yoshimasa, wanda ke riƙe da sarautar shogun, watau sarkin yaƙin da ainihin iko ke hannunsa, shi kuwa Sarkin Japan yana fada ana girmama shi kawai. Tarihi bai yi wa Yoshimasa shaidar iya mulki ba. Ana cikin yunwa yana kashe dukiya wajen gyaran fadarsa. A 1467 rikicin gado da gabar manyan hakimai suka haifar da Yaƙin Onin, wanda aka shekara goma ana yi a cikin titunan Kiyoto, har yawancin birnin ya zama toka. Yoshimasa ya sauka daga mulki a 1473, daga baya ya koma gindin duwatsun gabashin birnin ya gina gidan hutawa, wanda yau ake kira Ginkakuji. A can ya tara masu zane da masu shayi da masu tsara lambu da masu jera fure.

A nan akwai abin lura. Mutumin da ya kasa tsare birninsa shi ne ya tsare waɗannan fasahohi, kuma talakawan da aka tatsa haraji su ne suka biya kuɗin. Wanda ya yaba wa kyan abin ba tare da ya tuna wannan ba, rabin tarihin ya karanta. Bugu da ƙari, yaƙin da kansa ya taimaka wajen yaɗa al'adar, domin fadawa da malaman da suka gudu daga Kiyoto sun tafi da iliminsu larduna, hakiman can kuma suka karɓe su hannu bibbiyu.

Rikka: Duniya a Cikin Tulu Ɗaya

A shekarar 1542 Ikenobo Sen'o ya bar wa almajiransa wani rubutu da ya zama harsashin koyarwar gidan. Manufarsa ita ce, aikin mai jera fure ya wuce tara kyawawan furanni. Ana so ne ya nuna yadda tsiro yake a inda ya fito, da yadda iska da rana suka lanƙwasa shi, ta yadda mai kallo zai hango duwatsu da rafuka a cikin ɗan ruwa da 'yan rassa. A wannan fahimta, toho da bai buɗe ba da ganyen da ya fara bushewa duk suna da matsayi, domin su ne ke nuna jiya da gobe.

Daga nan salon da ake kira rikka, watau fure a tsaye, ya kankama. Da farko rassa bakwai ne ke ɗauke da shi, daga baya aka mai da su tara, kowanne da sunansa da aikinsa. Akwai babban reshe na tsakiya mai suna shin, wanda sau da yawa akan yi shi da matsu, wani itace mai ganye kamar allura da ba ya kaɗewa ko da hunturu. Akwai mai tallafa masa, akwai mai karɓarsa daga ɗaya gefen, akwai wanda ke leƙowa daga baya kamar dutse mai nisa, akwai wanda ke miƙewa ƙasa-ƙasa kamar ruwa mai gudu, sa'an nan akwai na gaba da ke rufe gindi. Duk yawansu, dole su fito daga bakin tulu a haɗe kamar kara ɗaya, kuma da damin tattaka ake cusa su a ciki don su tsaya.

Da ƙasa ta fara komawa hannun mutum ɗaya, sai rikka ya zama abin nuna isa. A 1594, lokacin da Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a sa'an nan, ya ziyarci gidan hakiminsa Maeda Toshiie, Ikenobo Senko na Farko ya shirya wani aiki a lungun da faɗinsa ya kai kimanin mita 7. Magajinsa, Senko na Biyu, ya sami shiga wurin Sarki Go-Mizuno, wanda a shekarar 1629 ya yi ta kiran taron jera fure a cikin fada, 'ya'yan sarki da fadawa suna gwada gwaninta, Senko yana yi musu gyara. A 1692 kuwa, wajen bikin kammala gyaran babban mutum-mutumin Buda na haikalin Todaiji a Nara, almajiran Ikenobo sun kafa rikka biyu masu tsayin gidan bene.

Rikiyu da Furen Shayi

Ana tsakiyar wannan gasa ta girma da yawa, sai ga wani mutum ya bi kishiyar hanya. Sen no Rikiyu, wanda aka haifa a 1522 a gidan 'yan kasuwa a garin Sakai, shi ne babban malamin shayi na Hideyoshi. Ɗakin shayinsa ɗan ƙarami ne, bangonsa na laka, ƙofarsa sai an durƙusa ake shiga. A irin wannan ɗaki rikka ba shi da wurin tsayawa. Saboda haka Rikiyu yakan sa fure ɗaya ko biyu ne kurum, kamar yadda aka gan su a daji, ba tare da an tilasta musu wata siffa ba.

Akwai labarin da aka daɗe ana bayarwa a kansa. Wai Hideyoshi ya ji cewa lambun Rikiyu ya cika da asagao, wani fure mai yaɗo dangin duman rafi wanda ke buɗewa da asuba, sai ya ce zai zo kallo. Da ya iso ya tarar an tsinke su kaf, ransa ya ɓaci. Yana shiga ɗakin shayi sai ya ga guda ɗaya tak, mafi kyau a cikinsu, a cikin lungu. Darasin da masu ba da labarin ke fitarwa shi ne, ido ba ya ganin fure sosai idan suna dubu.

Abin da ya wuce labari shi ne tulunan gora. A 1590, da ya raka Hideyoshi yaƙin Odawara, Rikiyu ya sari gora a yankin Nirayama ya yi tulun fure da ita. Ɗaya daga cikinsu, mai tsaga a jiki, wanda ake kira Onjoji, yana gidan adana kayan tarihi na ƙasa a Tokiyo. Mutumin da ke da damar taɓa tagullar Sin ya zaɓi guntun gora, kuma manya suka bi shi. Amma kusantar mai mulki tana da nata haɗari. A 1591 suka ɓata da Hideyoshi, aka umarce shi ya kashe kansa, ya kuwa aikata. Salonsa bai mutu tare da shi ba, daga irinsa ne salon nageire ya bunƙasa, watau furen da ake sakawa a tulu ya jingina da bakinsa yadda ya ga dama.

Zamanin Attajirai da Sarautar Sana'a

Daga 1603 zuwa 1868 gidan Tokugawa ya mulki Japan daga birnin Edo, wanda yau shi ne Tokiyo. Aka sami zaman lafiya na fiye da shekara 250. A tsarin lokacin ɗan kasuwa shi ne na ƙarshe a daraja, a bayan mayaƙi da manomi da mai sana'ar hannu, amma a hannunsa kuɗi suka taru. Ba shi da hanyar samun sarauta, sai ya nemi mutunci ta hanyar koyon abin da manya suka iya. Masu ɗab'i suka gane haka, suka fara buga littattafan koyarwa masu hotuna, irin su Rikka Taizen na shekarar 1683.

Sai dai rikka yana cin lokaci da kuɗi, lungun gidan ɗan kasuwa kuma ƙarami ne. Don haka a ƙarni na 18 aka fito da salo mai sauƙi da ake kira shoka ko seika, mai rassa uku kawai: dogo, da matsakaici, da gajere. Makarantu da yawa suka fassara su da sama da mutum da ƙasa. Idan aka haɗa kawunansu da layi sai su ba da siffa mai kusurwa uku wadda ɓangarorinta ba su yi daidai da juna ba, domin a wurinsu daidaita hagu da dama kashe rai ne. Sababbin makarantu suka yi ta ɓullowa, kamar Koryu, da Enshu wadda ta shahara wajen lanƙwasa reshe ta hanyar tsaga shi a cusa 'yan guntayen itace, da Misho wadda Mishosai Ippo ya kafa a Osaka a farkon ƙarni na 19.

A wannan zamani ne tsarin iemoto ya yi ƙarfi. Iemoto shi ne shugaban makaranta, kuma galibi gado ake yi, kamar yadda sarautar sana'a take bin gida. Shi kaɗai ke da ikon ba da takardar shaida. Almajiri yakan hau mataki-mataki, kowane mataki da kuɗinsa da sirrin da za a buɗe masa, idan ya kai ya koyar kuma, wani kaso na abin da ɗalibansa suka biya yana komawa sama. Amfanin tsarin a fili yake: ya tsare ilimin daga ɓacewa, ya kuma ba malamai abin dogaro. Illarsa ma a fili take: ƙa'idoji suka yi yawa, aka koma auna reshe da ma'auni, kwaikwayon malami ya fi kallon tsiron kansa muhimmanci. Abin da Sen'o ya fara da duban daji ya kusa zama haddar dokoki.

Guguwar 1868 da Shigowar Mata

A 1868 aka kawar da mulkin shogun, sabuwar gwamnatin Sarki Meiji ta sa gaba wajen kamo Turawa. A 1871 aka soke ƙasashen hakimai, a 1876 aka hana mayaƙa ɗaukar takobi aka kuma yanke musu albashin gado. An raba addinin gargajiya da na Buda, aka rushe haikalai masu yawa. Cikin shekaru kaɗan duk waɗanda ke ciyar da malaman fure suka talauce, jama'a kuma suka koma sha'awar duk abin da ya fito daga Turai. Wannan ne karo na biyu da al'adar ta ga ramin kabarinta.

Makaranta ce ta cece ta. A 1879 aka ɗauki shugaban Ikenobo na lokacin, Sensho, ya koyar da jera fure a makarantar 'yan mata ta lardin Kiyoto. Da gwamnati ta faɗaɗa makarantun sakandaren mata, musamman bayan dokar 1899, da manufar tarbiyyar matan aure nagari da iyaye masu hikima, sai jera fure da shayi suka zama abin da ake so budurwa ta iya kafin aure, ko da yake a wurare da yawa darasin bayan tashi daga aji ne. Sana'ar da ta shekara ɗaruruwa a hannun maza, masu ibada da mayaƙa da attajirai, ta koma mafi yawan masu yinta mata ne. Ga matan da yaƙi ya kashe wa maza kuwa, takardar koyar da fure ta zama hanyar ci da kai cikin mutunci. Shugabancin makarantu dai ya daɗe a hannun maza.

Matsala ta biyu ita ce furannin Turai da suka shigo kasuwa, masu gajeren kara da launi mai ƙarfi, waɗanda ba su dace da dogon tulu ba. Ohara Unshin, wanda ya rayu daga 1861 zuwa 1916, almajirin Ikenobo ne a Osaka. Shi ya fito da dabarar jera fure a cikin kasko mai faɗi marar zurfi, yadda fuskar ruwa za ta fito kamar tafki. Aka kira salon moribana, watau furen da aka tula, kuma a 1912 ya kafa makarantar Ohara. A wajen wannan lokaci ne kenzan ya bazu, wani ɗan faifan dalma mai nauyi da aka kafa wa allurai, ana soka kara a kai ya tsaya ta kowace fuska. Da wannan ɗan ƙarfe, abin da a da sai an shekara ana koyo ya zama mai yiwuwa ga sabon shiga, kuma ana iya ajiye shi a kan tebur a gidan da ba shi da lungu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

A ɗaya ɓangaren, Turawa ma sun fara lura. Josiah Conder, wani masanin gine-gine ɗan Ingila da gwamnatin Japan ta ɗauko a 1877, ya buga littafi da Ingilishi a kan wannan fasaha a 1891, wanda ya buɗe wa masu jera fure na Turai ido game da amfanin layi da sarari.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Tun kafin yaƙin wasu matasa sun fara tawaye. Teshigahara Sofu, wanda aka haifa a 1900, ɗan malamin fure ne, amma ya saɓa da mahaifinsa a kan bin ƙa'ida ido rufe, ya kafa makarantar Sogetsu a 1927. Koyarwarsa ita ce kowa yana iya yin ikebana, a ko'ina, da kowane irin abu.

A 1945 aka ci Japan da yaƙi, manyan biranenta sun ƙone, abinci ya yi wuya. A shekarar ce shugabancin Ikenobo ya faɗa kan Sen'ei, na 45 a jerin, yana yaro ɗan shekara 11, bayan rasuwar mahaifinsa. Duk da haka, kafin shekarar ta ƙare Sofu da Ohara Houn sun yi nunin fure a Tokiyo. A shekarun da suka biyo baya Sofu da ire-irensa suka riƙa aiki da busassun kututture da duwatsu da tarkacen ƙarfe, har aka yi ta gardama ko wannan ikebana ne ko sassaƙa.

Sababbin ɗalibai kuma suka fito daga inda ba a zata ba, watau matan hafsoshin Amurka da suka mamaye ƙasar. Suka koya, suka karɓi takardu, suka koma gida suna koyarwa. Ɗaya daga cikinsu, Ellen Gordon Allen, ta kafa ƙungiyar Ikebana International a Tokiyo a 1956, wadda ta yi rassa a ƙasashe da yawa. Al'adar ƙasar da aka ci da yaƙi ta shiga gidajen waɗanda suka ci ta.

Tsohon gidan ma bai tsaya cik ba. Sen'ei ya fito da sabon salon shoka a 1977 da sabon salon rikka a 1999, masu sassauta ƙa'ida. A 1989 aka ayyana 'yarsa a matsayin mai jiran gado, a 2015 kuma ta ɗauki sunan Senko na Huɗu, mace ta farko da aka tsayar don wannan matsayi a tarihin gidan. A Sogetsu kuwa, 'yar Sofu, Kasumi, ta gaje shi a 1979, sa'an nan ɗansa Hiroshi, mai shirya finafinai, ya karɓa a 1980, 'yarsa Akane ta gaje shi a 2001.

Abin da Hannu Ke Yi

Duk wannan tarihi a kan abu ɗaya ya dogara, watau a iya tsawaita ran abin da aka yanke. Malaman Japan sun daɗe da gane cewa idan aka yanke kara a sarari, iska takan shiga 'yan hanyoyin da ruwa ke bi ta toshe su. Saboda haka sukan sake yanke gindin a cikin ruwa. Mai fitar da farin ruwa kamar madara akan ƙona gindinsa ko a tsoma shi a ruwan zafi, reshe mai tauri kuma a tsaga shi. Ana cire duk ganyen da zai nutse, don kada ya ruɓe ya ɓata ruwan. A darasin farko na Sogetsu, tsawon babban reshe yakan kai faɗin kasko da zurfinsa a haɗe sau ɗaya da rabi, na biyu kashi uku cikin huɗu na na farko, ana kuma karkata su da kusurwa 15 da 45 da 75. Mafi wuyar darasi shi ne na almakashi: sanin abin da za a cire, da barin sarari ba tare da jin tsoronsa ba.

Kammalawa

Idan muka waiwaya, za mu ga al'adar ta tashi daga haikali zuwa fada, daga fada zuwa gidan attajiri, daga nan zuwa ajin 'yan mata, sa'an nan ta ƙetare teku. A kowane zango akwai waɗanda suka ce an lalata ta, kuma ba duka maganarsu ce ƙarya ba, domin an sayar da sirri da kuɗi, an kuma mai da ita sharaɗin aure na wani lokaci. Amma da an hana ta fita daga hannun masu ita na farko, da ta ƙone tare da Kiyoto tun 1467.

Yau ma tana fuskantar gwaji. Yawancin sababbin gidaje a biranen Japan ba su da lungun tokonoma, 'yan mata suna da ayyukan da suka fi jiran aure, yawan ɗalibai kuma ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1960. Makarantun suna neman mafita a otal-otal da ofisoshi da ƙasashen waje. Ko za su dace, lokaci ne zai nuna. Abin da tarihin ya riga ya tabbatar shi ne, aikin da ba ya wuce 'yan kwanaki kafin ya yi yaushi ya fi gidan Ashikaga da gidan Tokugawa tsawon rai, kuma dalili shi ne a kowane zamani an sami malamin da ya yarda ya zauna da sabon ɗalibi ya koya masa yadda ake riƙe almakashi.